Farautar Mafarauta: Da Wace Hujja?

Masu iya magana suna cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta daji bayan an kawar da amfanin gona ya san gaskiyar wannan zance. Farauta a wurinmu gudu ce da ƙura da haushin karnuka, ga kiɗa ga kirari. Amma akwai wata irin farauta a ƙasashen sanyi wadda daga zaune ake yin ta. A arewacin Amurka da Kanada da wasu sassan Turai, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, mafarauci yakan fita da asuba ko da almuru, ya sa fararen tufafi don ya saje da ƙasa, ya jingina da gindin itace, ya aza bindiga a gwiwa. Daga nan sai ya fito da wata 'yar mabusa, ko wata na'ura mai batir, ya riƙa kwaikwayon kukan zomon da aka raunata. Dabbar da yunwa ta hana ta kwanciya takan jiwo wannan kuka daga nesa, ta taho a guje tana zaton rabonta ne ya tsaga, sai ta yi arba da harsashi.

Abin da muke son mu tattauna a wannan muƙala shi ne ko mutum yana da hujjar yin haka, in kuma yana da ita, wace ce, kuma ina iyakarta. Tambayar ta fi ta farautar barewa ko zabo wuya, domin galibi ba a cin naman waɗannan dabbobi. Wanda ya harbi barewa yana iya nuna tukunya ya ce ga dalilinsa. Wanda ya harbi dabba mai farauta kuwa dole ya nemo wani dalilin.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita sunaye. Dabbar da Turawa suka fi bi a wannan yanayi 'yar'uwar yanyawarmu ce, sai dai ta fi ta girma, gashinta ja ne, wutsiyarta mai yalwar gashi ce mai farin baki, nauyinta kuma bai cika wuce kilo 5 zuwa 7 ba. Masu fassara sukan kira ta dila, saboda a adabin Turawa ita ke riƙe da sarautar wayo wadda dila yake riƙe da ita a tatsuniyoyinmu, amma mu za mu kira ta yanyawa. A Amurka akwai koyote, wanda ya fi kama da dilanmu a ƙira da hali, sannan akwai babbansu, wato kyarkeci.

Sanyin da ake wannan farauta a cikinsa ya wuce duk abin da muka saba da shi. Ko a Jos, inda mukan yi ta kukan sanyi a Disamba da Janairu, da wuya ruwa ya daskare a randa. A can kuwa ma'auni yakan sauka digiri 10 ko 20 ƙasa da sifiri, kuma iska tana ƙara wa sanyin kaifi: idan yana digiri 10 ƙasa da sifiri, iska kuma tana gudun kilomita 30 a awa, fatar mutum takan ji shi tamkar digiri 20 ne ƙasa da sifiri. To me ya sa ake zaɓar wannan lokaci? A lokacin ne gashin dabbar yake cika ya yi kauri, fatarta ta yi daraja. Sawu yakan fito raɗau a kan dusa, jan jikin yanyawa kuma ba ya ɓoyuwa a kan fari. Janairu da Fabrairu lokacin barbararsu ne, saboda haka sukan yi yawo har da rana. Uwa-uba kuma ga yunwa. Ƙwari da 'ya'yan itatuwa sun ƙare, ɓeraye sun shige ƙarƙashin dusa, jiki kuma yana ƙona abinci da sauri don ya sami ɗumi. Yanyawa tana iya jin motsin ɓera a ƙarƙashin dusa, ta daka tsalle ta nutsa kanta ta cafko shi, amma ba kullum take dacewa ba. Idan guguwa ta tsare ta a maɓoya kwana biyu, ranar da aka lafa babu kukan zomon da za ta ji ta ƙyale.

Iska kuwa ita ce takan raba gardama tsakanin mutum da dabba. Hancin yanyawa ya fi idonta aminci, don haka tilas mafarauci ya zauna inda iska take busowa daga wajen dabba zuwa gare shi. Dabbar da ta ga jiya ta ga yau takan kewayo ta inda iska za ta kawo mata warin abin da yake kukan kafin ta matso, kuma da zarar ta sansano mutum shi ke nan, ta sha. In iskar ta yi ƙarfi ainun, kukan ba ya zuwa nesa, dabbobin kuma sukan lafe a kwari ko a bayan tudun da ya kare su, sai mafarauci ya bi su can. Mun kawo wannan duka ne don mai karatu ya ga cewa aikin yana buƙatar sani da haƙuri da juriya, kuma masu yin sa ba sakarkaru ba ne.

Hujja ta farko da akan ji, kuma ita ce mafi tsufa, ita ce dabbar mai laifi ce: ɓarauniya ce, makashiya ce, sai ta ɗanɗani abin da take ɗanɗana wa wasu. Akan kafa misali da akurki, domin idan yanyawa ta sami shiga takan kashe kaji fiye da abin da za ta iya ci. Sai dai wannan ɗabi'a tana da bayani mai sauƙi. A daji, in ta kama tsuntsu ɗaya sauran sai su tashi. A akurki ba su da wurin gudu, suna ta fuffuka a gabanta, ita kuma dabba ce mai binne rarar abinci don gobe. Laifi yana buƙatar wanda ya san dokar ya kuma iya barin abin ya ƙi bari, yanyawa kuwa ba ta da gona ba ta da kasuwa.

A nan mu masu nazarin adabi muna da abin cewa, domin mu ne muka daɗe muna ɗinka wa waɗannan dabbobi rigar laifi. A Faransa ta ƙarni na 12 aka fara tsara labaran Renart, yanyawa mai yaudara wadda ake ta kai ƙararta gaban sarki zaki, kuma labaran sun karɓu har sunan ya ture tsohuwar kalmar da Faransawa suke kiran dabbar da ita. A Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, Dimna dila ne da ya haɗa zaki da sa faɗa, daga baya aka gurfanar da shi gaban shari'a. Mu kuma muna da dila malamin daji da kura sarkin kwaɗayi. Duk marubutan nan fadawa da 'yan kasuwa da maƙwabta suke nufi, sai suka ari fatar dabba don su faɗi abin da ba ya faɗuwa a fili. Matsalar ita ce bayan an tashi daga tatsuniya rigar takan zauna a jikin dabbar. Ƙissar Annabi Yusuf ta riga ta nuna mana wannan hali tun da daɗewa: 'yan'uwansa ne suka jefa shi rijiya, suka shafa wa rigarsa jinin ƙarya, suka ɗora wa kyarkeci, kuma har yau Larabawa suna buga misali da wannan kyarkecin idan suna son su wanke wanda aka yi wa ƙazafi. A farautar da muka bayyana a sama kuwa, wanda ya ɓuya ya yi kukan ƙarya don ya jawo wani ga halaka mai ƙafa biyu ne.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kare dukiya. Manomin tudun Wels ko na Sikotilan wanda tumakinsa za su fara haihuwa a ƙarshen hunturu, ya wayi gari ya tarar da gawar ɗan rago, ba ya buƙatar ya tabbatar wa kowa cewa yanyawa tana da mugun nufi. Ya isa ya ce abincin iyalinsa yake karewa, kamar yadda muke kare rumbu daga ɓera ba tare da mun kai ɓera kotu ba. Mun yarda da wannan hujja. Amma saboda ƙarfinta ne kowa yake son ya fake da ita, don haka muna ganin akwai wata tambaya da za a iya auna mai faɗinta da ita: in da za a wayi gari gobe yanyawa ta daina taɓa dabbar kowa, kai murna za ka yi ko baƙin ciki? Makiyayi na gaskiya murna zai yi, ya rataye bindigarsa ya yi barcinsa cikin ɗumi.

Tarihin farautar yanyawa a Ingila ya amsa wannan tambaya ƙarara. Farautar can ta dawaki da karnuka ce, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Hugo Meynell, wanda ya shugabanci ƙungiyar farauta ta Quorn daga 1753 zuwa 1800, shi ya fito da karnuka masu tsananin gudu, ya mayar da abin sukuwa ta masu hali. Da dare akan aika a toshe ramukan yanyawa yayin da take waje, don kada ta sami mafaka da safe. Har nan ana iya cewa maganin ɓarna ake yi. Amma waɗannan ƙungiyoyi su ne kuma suke dasa sarƙaƙiya don yanyawa ta sami wurin hayayyafa, suna gina mata ramuka, suna biyan manoma diyyar kajin da ta ci don kada su kashe ta da kansu. A ƙarni na 19, da ta yi ƙaranci, sai aka riƙa shigo da ita daga sauran ƙasashen Turai ana sayarwa a kasuwar Leadenhall ta Landan. Harbe yanyawa da bindiga ma abin kunya ne a tsakanin masu ƙasa na wancan zamani, domin an hana manya wasansu ke nan. Wanda yake kiwon annoba da hannun dama ba zai ce da hagu yaƙar ta yake yi ba.

Da gardama ta yi zafi, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Burns, wanda ya ba da rahotonsa a shekarar 2000. Kwamitin ya ƙiyasta cewa ƙungiyoyin farauta suna kashe yanyawa dubu 21 zuwa dubu 25 a shekara, ya ce kora da kisan karnuka suna cutar da dabbar ƙwarai, ya kuma ga cewa harbin ƙwararre da bindiga cikin dare ya fi sauƙin azaba. A 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a dabbobin ƙasar, aka dakatar da farauta kusan shekara guda, kuma masu bincike na Jami'ar Bristol da suka auna yawan yanyawa kafin dakatarwar da bayanta ba su ga ta ƙaru ba. Duk da haka a ranar 22 ga Satumba, 2002, mutane wajen dubu 400 suka yi jerin gwano a Landan don kare farautar da rayuwar karkara. Bai kamata mu yi musu dariya ba. A cikinsu akwai masu kiwon karnuka da maƙeran takalman dawaki da suke tsoron rasa abinci, akwai kuma waɗanda abin da ya ɓata musu rai shi ne ɗan birni da bai taɓa ɗaukar gawar ɗan rago ba ya zo yana koya musu tausayi, kuma wannan ƙorafi mun san irinsa a gida. Majalisar wakilai ta zartar da dokar hani a 2004 ba da yardar majalisar dattawa ba, dokar ta fara aiki a Ingila da Wels ranar 18 ga Fabrairu, 2005. Abin lura shi ne dokar ba ta hana kashe yanyawa ba. Ta bar wa manomi damar ya sa karnuka biyu su taso ta ya harbe. Korar da garken karnuka ita ta hana.

A Amurka an bi wata hanyar, aka iso kusan wuri ɗaya. Tun da aka yi dokar 1931 ta yaƙi da dabbobi masu ɓarna, hukumar tarayya take kashe koyote da tarko da guba da harbi daga jirgin sama, dubun-dubata a kowace shekara. Koyote kuwa, wanda da can a filayen tsakiya da yammacin ƙasar yake, yanzu ya bazu ko'ina in ban da Hawayi, har cikin birnin Chicago. Daga cikin dalilan akwai kawar da kyarkeci, wanda shi yake taka masa birki, akwai kuma cewa in an rage su sai abinci ya wadaci waɗanda suka saura, matan su haifi 'ya'ya da yawa. Shi kyarkecin, an kashe na ƙarshe a gandun dajin Yellowstone a 1926, sannan a 1995 da 1996 gwamnatin da ta biya aka kashe su ta sake biya aka ɗauko guda 31 daga Kanada aka sake su a wurin. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a wata gonar gwaji ta Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa mafi yawan tumakin da koyote yake kashewa aikin manya ne masu iyali waɗanda suka mallaki yankin. Waɗanda suka fi saurin amsa kukan zomon ƙarya kuwa ƙanana ne marasa gogewa. Ke nan mai mabusa yana iya cika bayan motarsa da gawa, ainihin mai cin tumakin yana nan yana kallo daga tudu. Balle gasar da akan shirya a tsakiyar hunturu, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi kowa tara gawa cikin kwana biyu. Kalifoniya ta hana ba da irin wannan kyauta a 2014, Arizona da New Mexico suka hana gasar a 2019.

Sauran hujja ta uku, wadda ba a cika faɗinta a gaban majalisa ba, amma muna jin ita ce take zaune a zukatan mafarauta da yawa. Ita ce hujjar wahala. Mutum ya bar shimfiɗa mai ɗumi, ya zauna awa uku cikin iskar da take yanka fuska, yatsunsa sun sandare, sau tara cikin goma ya dawo hannu rabbana. In ya dace a karo na goma sai ya ji ya biya farashin abin da ya samu, ya ji an yi karo ne tsakanin gwani da gwani. Masanin falsafar nan na ƙasar Sifen, José Ortega y Gasset, a wani dogon rubutu da ya yi kan farauta a 1942, ya ga cewa abin da mai farautar nishaɗi yake nema shi ne ya koma cikin daji a matsayin ɗan ciki, mai kunne da hanci a buɗe, kisan kuma shi ne yake tabbatar da cewa abin ba wasan kwaikwayo ba ne. Akwai gaskiya a nan wadda ba za mu raina ba. Mutumin da ya san daga ina iska take busowa, ya san sawun jiya da na yau, ya fi kusa da halitta bisa ga wanda yake sayen kaza a figge bai taɓa ganin jininta ba.

Sai dai wahala ba ta mayar da aiki daidai. Ɓarawon da ya haura katanga cikin daren hunturu shi ma ya sha sanyi, kuma ba mu taɓa jin alƙalin da ya rage masa hukunci saboda haka ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma karin maganar ta ɗauka cewa za a ci zomon. Haka kuma wahalar ɓangarorin biyu ba iri ɗaya ba ce. Mafarauci shi ya zaɓi sanyinsa, motarsa tana jiransa a bakin hanya, kuma abin da zai rasa in ya kuskure shi ne safiya guda. Yanyawa ba ta zaɓi komai ba, sanyin da ya zama masa jarrabawar jarunta shi ne ya karya ta har ta amsa kiran da in da cikinta a cike yake ba za ta kula shi ba. Maganar karon gwani da gwani kuma tana ƙara rauni a kowace shekara, tun da yanzu akwai madubin bindiga mai gano ɗumin jikin dabba cikin duhu, da na'urar da take ɗauke da kukan dabbobi iri-iri ana sarrafa ta daga nesa.

Ita yaudarar kanta fa? Ba mu ga cewa mutum yana bin dabba bashin gaskiya ba, in ba haka ba da masunci mai sa tana a ƙugiya da yaro mai ɗana wa kurciya tarko duk sun shiga uku. Abin da yake damunmu shi ne abin da aikin yake yi wa mai yin sa. Immanuel Kant, wanda bai ba dabba wani haƙƙi a kan mutum ba, ya yi gargaɗin cewa mai ƙeƙasa zuciya ga dabba yana koya wa zuciyar tasa yadda za ta yi da mutane. Ba mu ce kowane mai mabusa azzalumi ne ba. Amma wanda ya ƙware wajen kwaikwayon kukan mai jin ciwo, ya mayar da shi abin gasa da ɗaukar hoto, ya dace ya riƙa bincikar kansa.

Akwai inda ma'aunin da muka kawo ɗazu yake neman ya gaza, kuma bai kamata mu tsallake shi ba. A lardin Bayan-Olgi na yammacin Mongoliya, Kazakawa makiyaya suna farautar yanyawa da gaggafa a tsakiyar hunturu, a kan dawaki, cikin sanyin da yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Sukan ɗauko macen gaggafa tana ƙarama su horar da ita, su yi shekaru suna farauta tare, daga baya su sake ta ta koma duwatsu ta hayayyafa. Da fatar yanyawar suke ɗinka hulunan da suke kare kunnuwansu. Wannan mutum ba zai yi murna ba in yanyawa ta ƙare, kuma babu shakka yana jin daɗin farautar, har yana alfahari da tsuntsuwarsa. To mene ne bambancinsa da mai jan kwat na Ingila, wanda shi ma yake son yanyawa ta ɗore? A ganinmu bambancin yana ga abin da kowannensu yake ɗiba daga jikin dabbar. Bakazake fata yake so, kuma in ya same ta cikin minti biyu buƙatarsa ta biya. Mai sukuwa kuwa gudun yake so, in yanyawa ta mutu da wuri ranar ta lalace, shi ya sa aka toshe mata rami. Tsoron dabbar da gajiyarta su ne amfanin gonar da yake girba. Jin daɗi da ya biyo buƙata daban, buƙatar da aka ƙirƙira don a sami jin daɗi daban.

Malamanmu na zaure ba za su ga baƙon abu a wannan rarrabewa ba. Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta tun ƙarni na 10 kuma ake karanta ta a ƙasar Hausa har gobe, ta sanya farautar da ake yi don wasa kawai a cikin makaruhai, ta halatta wadda ba don wasa ba. Hukuncin bai rataya ga irin makamin ko wahalar da aka sha ba, ga manufa ya rataya. Kuma abin sha'awa ne cewa an tsaya ga karhanci, domin zuciyar mutum ba ta zuwa da niyya guda tsantsa. Makiyayin da ya fita don kare garkensa yana iya jin zuciyarsa tana bugawa da murna in ya ga jan abu ya ɓullo a kan dusa, kuma wannan murnar ba ta ɓata hujjarsa.

Misali mafi ɗaure kai yana Ostareliya. Turawan da suka zauna can sun saki yanyawa a yankin Melbon tun daga wajen 1855, ba don komai ba sai don su sami abin kora irin na gida. Zuwa shekarun 1870 ta kafu, daga nan ta mamaye mafi yawan nahiyar, ta taimaka wajen ƙarar da ƙananan dabbobin ƙasar waɗanda ba su san irinta ba. Yanzu ana yaƙar ta da guba da bindiga: Yammacin Ostareliya ta fara babban shirin zuba guba a 1996, jihar Victoria kuma ta fara biyan dala 10 a kan kowace yanyawa a 2011, kuma a wuraren da aka rage ta wasu dabbobin da suka kusa ƙarewa sun farfaɗo. A nan hujjar kisa ta tsaya da ƙafafunta, domin masu wannan aiki za su yi murna ranar da ba su da sauran abin kashewa. Amma yanyawar da take mutuwa da guba a dajin Ostareliya ba ita ta sayi tikitin jirgin ruwa ba, bashin nishaɗin wasu take biya bayan shekara 170. Wanda ya san haka zai yi aikin ta hanyar da ta fi saurin kawo ƙarshen azaba, zai tsaya in buƙata ta biya, kuma ba zai jera gawa a kan shinge yana dariya ba.

A tsibirin Tasmaniya na wannan ƙasa an taɓa yin wata dabba mai kama da kare, mai zane a baya, mai ɗaukar 'ya'yanta a jakar ciki. Masu tumaki suka ce ita take cinye musu garke, alhali karnukan da suka koma daji da sakacin masu kiwon kansu suna da babban kaso a asarar. Daga 1888 zuwa 1909 gwamnati ta biya tukuicin fam guda a kan kowace babba, ta biya sama da sau 2,000. An sanya ta cikin dabbobin da doka ta kare a watan Yuli na 1936, ta ƙarshe da aka sani kuma ta mutu a gidan ajiye namun daji na Hobart ranar 7 ga Satumba na wannan shekarar. Hujjar kare dukiya ce aka yi amfani da ita tun daga farko har ƙarshe, kuma babu wanda ya tsaya ya ƙirga tumaki nawa ta ci.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma hunturu shi ne lokacin farautarmu, lokacin da ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, ashana ɗaya ta isa ta tashi daji guda. Rundunar da take fita da karnuka da gorori ba ta cika tambayar abin da ya taso gabanta ko ya taɓa cin akuyar wani ba, makiyayin da kura ta yi wa ɓarna kuma yakan zuba guba a mushe, ya kashe kurar da diloli da ungulayen da suka sauka bayanta. Tsofaffi a garuruwa da yawa suna ba da labarin lokacin da ake jin kukan kura a bayan ganuwa da an yi sallar lisha, tana kwashe mushen da aka yar. Ɗalibanmu na yanzu suna nazarin ta a darasin tatsuniya, suna rubuta jarrabawa a kan kwaɗayinta da wautarta, kuma mafi yawan waɗanda suka taɓa ganin ta ido da ido a kasuwa suka gan ta, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, gardi yana jan ta.